Mafarin Zane: Inda Masu Zayyana Su Ke Samo Abin da Su Ke Zanawa

Idan aka tambayi mai zane inda ya samo abin da ya zana, galibi amsarsa ba ta wuce kalma biyu ko uku. Magini a birnin Zazzau ya kan ce baiwa ce, ko kuwa ya ce haka ya taras ana yi a gidansu. Wanda ya yi makarantar zane ya kan ce abin zuwa ya yi masa. Amsoshin nan duka gaskiya ne gwargwadonsu, amma ba su ƙosar da malamin da aka danƙa wa aji aka ce ya koyar da zane ba, gama ba a rubuta baiwa a allon aji, ba a kuwa ba da ita aikin gida. Nufin takardar nan shi ne a bi sawun zanen kansa, a ga ta inda ya biyo kafin ya iso bango ko takarda. An ɗauki Zariya misali, sabo da a can ne maginan gargajiya da makarantar zane ta zamani suka yi zaman maƙwabtaka tun 1955.

Ya kamata a fara da kalmomin da a ke amfani da su. Zane mai dogon wasalin farko (ba zanen ɗaurawa ba, wanda wasalinsa gajere ne, ko da ya ke boko ya gama su a rubutu ɗaya) asalinsa layi ne da aka ja. Wanzami ya kan yi zane a kunci, mai gyaran ƙwarya ya yi zane da wuƙa mai zafi, mai duba ya yi zane a rairayi, har wanda ya sha bulala a kan ce an zane shi, domin ta bar masa layi a jiki. Watau tun daga harshe an ɗauki zane aikin layi ne, launi kuwa daga baya ya ke shigowa. Zayyana ararriya ce daga Larabci, tushenta ƙawatawa. Haka ilhama, wadda asalin ma'anarta haɗiyar da mutum wani abu ne, kamar a zuba masa a zuci ba tare da ya nema ba. Kalma ce mai daɗin faɗi, amma tana da lahani guda ga mai bincike: da zarar an ambace ta sai tambaya ta tsaya, kowa ya gyaɗa kai. Alhali kuwa abin da aka haɗiya, tilas akwai akushin da aka ɗebo shi.

Kafin a zo ga akusan, sai a duba iyakar da addini ya shata, domin ita ce ta tsara wa mai zane a ƙasar Hausa inda zai kai idonsa. Sanannen abu ne malamai sun ƙi a suranta abu mai rai. A cikin ingantattun littattafan hadisi an kawo labarin wani mutum da ke cin abinci da yin hotuna, ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas yana neman fatawa. Aka tsoratar da shi game da surar mai rai, sa'an nan aka nuna masa in ba makawa sai ya yi, to, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman fiƙihu sun yi ta rarrabe mas'alar, tsakanin sura mai inuwa da wadda a ke shimfiɗawa a takarda, tsakanin cikakkiya da guntuwa, wannan kuwa ba wurin bin ta ba ne. Abin lura shi ne iyakar ba ta kashe zane ba. Ruwan da aka tare ta gaba, gefe ya kan nema. Hankalin da mai zane a wata ƙasa ya kan zuba wajen fuskar mutum da gaɓoɓinsa, a nan aka zuba shi wajen da'ira da murabba'i da ƙulli, da yadda layi zai bi ta ƙarƙashin ɗan'uwansa ya fito ta wancan gefe ba tare da ya ɓata ba.

Akushi na farko makarantar allo ce. Kusan kowane magini da kowane maɗinki ta nan ya bi yana yaro, a nan kuwa ya fara riƙe alƙalami. Wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Hausa ko Barno ya san ba baƙi kaɗai ke cikinsa ba. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, alamar sadarwa ɗigon kore. Ga kuri a ƙarshen aya ta goma, ga da'irori a gefen shafi masu nuna izu da rabinsa da rubu'insa da sumuninsa, ga alamar sujada. Izu sittin ne, kowane an kasa shi takwas, sabo da haka marubuci guda ya kan zana ɗaruruwan alamomi a kwafi ɗaya, kuma gwani ba ya so biyu su zo daidai da juna. Babu horon da ya fi wannan wajen koyon sarrafa siffa guda ta fuskoki masu yawa. Sa'an nan ga manyan zayyanoni masu kusurwa huɗu da a kan sa a farkon littafi da wuraren da aka raba shi kashi huɗu, ga allon zayyana da a ke yi wa ɗalibi ran saukarsa, a zaga da shi gidajen dangi. Ga kuma hatimi, gidaje uku sau uku ko fiye, wanda malamai ke rubutawa domin tsari. Yaron da ya girma yana ganin waɗannan, in ya zama magini ya tsaya gaban ɗanyen yaɓe, hannunsa ya riga ya san yadda a ke raba fili.

Akushi na biyu babbar riga ce, wataƙila ma ita ta fi ciyar da bango. Aikin riga ba maɗinki ne ke fara shi ba. Akwai mai zane, sau da yawa malami ne ko almajiri babba, wanda ya kan shimfiɗa ƙyallen ya zana fasalin da alƙalami da tawada, kāna masu allura su bi sawunsa wata da watanni. Siffofin suna da sunayensu: aska biyu da aska takwas, watau dogayen tsinin nan da ke sauka daga wuya ta kan aljihu, tambari, da'irar nan mai murɗe da ke dama da kuma baya, gidan biyar, murabba'ai biyar da aka jera, da dagi. Fasalin ya game ƙasar Hausa da Nufe da Ilori tun ƙarni na goma sha tara, lokacin da riga ta ke kyautar girma tsakanin sarakunan daular Sakkwato. Wanda ya tsaya gaban zauren wani attajiri a tsohon birnin Zazzau ko Kano, ko a unguwar Birni da ta Zango a Damagaram, ya dubi yadda adon ya kewaye ƙofa ya taru a samanta ya zubo gefe, zai ga ƙofar ta zama wuyan riga. An tufatar da gidan kamar yadda maigidan ya ke tufatar da kansa ran salla, kuma da nufi ɗaya, domin mai wucewa ya san ko wane ne a ciki.

Dagi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A ƙamus, dagi tafin ƙafar zaki ne ko damisa ko kyanwa. Siffar da a ke kira haka kuwa ƙulli ce, zobe biyu masu tsawo da suka sarƙe, wani lokaci da murabba'i ya ratsa su. Irin ƙullin nan ana samunsa a daɓen gidajen Rumawa na dā, da adon Arewacin Afirka, da aikin duwatsun ado na Yarbawa. Watau siffar baƙuwa ce ko kuwa ta kowa da kowa, amma sunan ɗan gida ne: wani ya dube ta ya ga sawun damisa a ciki. Daga riga da fata ta hau bango, daga bango gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauke ta ta mai da ita tambarinta a zamanin Sardauna, har ta tsira bayan an rushe jihar a 1967. Yau mutane da yawa na tsammanin daga tambarin gwamnati magina suka kwaso ta, alhali tafiyar ta bi ta ɗaya hanyar ce.

To, ina matsayin baiwar da magina ke faɗi? Labarin Babban Gwani Mika'ilu shi ne wurin duba wannan. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846: ginshiƙai na ƙasa masu kauri, bakan gizo da aka ɗaure da azara, da ado mai zurfi da aka tono a jikin ginshiƙan da bangaye. Zuriyarsa na nan a unguwar da a ke kira da sunansa. Labarin baka ya ce da dare ya ke aiki shi kaɗai, da safe sai a taras gini ya tashi, aljanu ne ke miƙa masa tubali. Ya kuma ce wani Sarkin Birnin Gwari ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Irin labarin nan na kisan gwanin magini ana ba da shi a ƙasashe da yawa, ba a gina tarihi a kansa. Amma ba a banza a ke riƙe da shi ba. Hamman Tukur Saad, wanda ya kammala nazarinsa a kan maginan Hausa a 1981, ya nuna yadda su kansu magina su ke ware gwani daga sauran masu sana'a, ko da kuwa gida ɗaya suka koya. Kowa ya gaji siffofin nan, kowa ya san dagi da tambari, amma mutum ɗaya cikin tsara ya kan haɗa su ta hanyar da ba a taɓa gani ba, jama'a kuwa ba su da sunan da za su ba wannan bambanci sai aljani. Ga mai nazari, abin da labarin ya tabbatar shi ne mutanen dā sun san koyi dabam, ƙirƙira dabam, sun kuma ɗauki ta biyun abin tsoro ce har da haɗari ga mai ita.

A zamanin Babban Gwani ado na cikin masallaci ne da sorayen sarki da na manyan fada. Fitowarsa waje, fuskar zaure inda kowa zai gani, ya yawaita ne a ƙarni na ashirin. Jirgin ƙasa ya iso Zariya da Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, sai ga talakan jiya da kuɗi a hannu, ba shi da rawani amma yana da abin biyan magini. Daga nan aka sami akushi na uku, watau kasuwa da titi. A jikin zaurukan Zariya aka fara ganin keke da mota da agogo da jirgin sama da bindiga, a gefen takobi da allo da jinjirin wata. Anthony Kirk-Greene ya tattara hotunan irin gidajen nan a wani ɗan littafi da aka buga a 1963, daga baya Friedrich Schwerdtfeger ya bi gidajen birnin da maginansu shekara da shekaru, ya fitar da babban littafinsa a 2007. Waɗansu masu kallo sun ɗauki keke a bango lalacewar gargajiya. Wannan hukunci bai tsaya da ƙafarsa ba. Keke ba shi da rai, sabo da haka bai ƙetare iyakar malamai ba. Da'ira biyu ne da kusurwa uku, watau kayan da magini ya riga ya iya. Sa'an nan a shekarun da aka yi shi yana faɗin abin da doki da takobi su ke faɗi a dā, cewa maigidan nan ya samu. Wanda ya dubi yadda aka yi ƙafafun keken zai ga sau da yawa tambarin riga ne aka ba shi sabon aiki.

A nan ya kamata a faɗi abin da masu maganar ilhama ba su cika son ji ba: mai biya yana cikin mafarin zane. Maigida ya kan ce a yi masa irin na gidan wane amma a fi shi, ko ya ce a sa masa mota domin shi direba ne, ko a rubuta shekarar da ya sauke farali. Gasa tsakanin maƙwabta ta haifi ado fiye da mafarki.

Kayan aiki su ma suna da bakin magana. Adon ƙasa da hannu a ke yinsa tun yaɓe yana ɗanye, a ɗora shi ya yi tudu, sabo da haka layinsa mai kauri ne, kwanarsa mai laushi, faɗinsa faɗin yatsu. Ba ya bukatar launi, gama rana ce ke fenta shi: da hantsi inuwa ta kwanta ta wannan gefe, da la'asar ta koma wancan, bango ɗaya ya yi fuska biyu a yini. Domin kare shi daga ruwa a kan shafe shi da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Da siminti ya samu, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai hannu ya sake. Siminti ba ya jira, ba ya kuma son tudu. Sai aka koma shafe bango sumul a tsaga shi da tsinin ƙarfe kafin ya bushe, layi ya sirance, siffofi suka ƙanƙance suka yi yawa, suka cika fuskar gida tun daga dakali har zankwaye. Da layi ya rasa inuwa sai aka nemi fentin gwangwani ya maye gurbinta, shuɗi da kore da rawaya da ja. Mai cewa maginan siminti sun fi na ƙasa son hayaniya bai yi musu adalci ba; abin da ke hannunsu ne ya nuna musu hanya. A cikin gida kuwa, inda baƙo ba ya shiga, mata na da nasu fagen: farar ƙasa da jar ƙasa a bangon ɗaki, da jeren tasoshi da kwanonin sha masu fure da a ke yi wa amarya, wanda shi ma tsara launi ne a bango, ko da ya ke ba a saba kiransa zane ba.

Ana cikin wannan hali aka kawo sashen koyon zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, kwalejin da harabarta ta Samaru ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Galibin malaman Turawan Ingila ne, manhajar kuwa irin ta makarantun London ce: a zana mutum yana zaune, a zana tulu da 'ya'yan itace, a koyi yadda nesa ke ƙanƙantar da abu, a karanta tarihin zanen Turai. A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiya tasu, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke. Tambayar da ta tara su ita ce ta takardar nan: wanda ya koyi fenti da burushi irin na Turawa, daga ina zai ɗebo abin da zai zana? Amsar da Uche Okeke ya bayar a jawabinsa na 1960, shekarar mulkin kai, ita ce a riƙe dabarun da aka koya, a koma ga fasahar gida a ɗebo, a bar biyun su gauraya da kansu ba tare da tilas ba. Ƙungiyar ta watse a 1961 da suka gama karatu, amma ra'ayin ya bi su.

Kowannensu kuwa gidansu ya nufa. Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya, da tatsuniyoyin da ya tattara. Bayan yaƙin basasa ya kai wannan hanya Jami'ar Nsukka ta zama makaranta guda. Onobrakpeya ya ɗebo daga tatsuniyoyin Urhobo da wuraren bautarsu. Grillo ya zana matan Ikko da makaɗanta cikin shuɗin da ke tuna wa mai kallo rinin adire. Nwoko ya yi nazarin gumakan Nok, irin waɗanda aka tara a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Ba wanda zai zarge su, gama abin da suka yi wa'azinsa ke nan. Amma akwai abin mamaki a ciki. Birnin Zazzau, da bangayensa da maginansa da masu zanen rigarsa suna tsakiyar aikinsu, yana 'yan mil kaɗan daga ajin, ba a kuwa sami a cikin manyan ƙungiyar wanda ya tashi da allo da riga a matsayin gadonsa ba. 'Yan Arewa Musulmi kaɗan ne ƙwarai suka shiga sashen a shekarun farko. Makarantun sakandare ba su da yawa, iyaye kuma ba su ga abin da zai kai ɗansu koyon yin hoto ba.

Sabo da haka Arewa ta shiga zanen zamani galibi a matsayin abin kallo. Okeke ya zana masu tafiya sallar Juma'a a 1961. Jimo Akolo, ɗan Egbe, wanda ya yi karatu tare da su kāna ya daɗe yana koyarwa a jami'ar, ya zana makaɗa da mahaya dawaki na Arewa, ya kuwa yi su da natsuwa da sanin tsari. Daga baya hawan salla ya zama abin da kowane ɗalibi ke gwada hannunsa a kai, har ya zama hajar otal da ofis: doki ya ɗaga ƙafa, rawani, algaita, ƙura. A nan akwai bambancin da ya kamata malami ya riƙe. Ɗaukar doki a sa a hoto abu ne mai sauƙi, kowane baƙo mai ido zai iya. Ɗaukar yadda mai zanen riga ya ke raba fili, ya cika hagu ya bar dama ta huta, wannan sai wanda ya zauna ya koya. Cikin waɗanda suka wuce matakin farko akwai Gani Odutokun, wanda aka haifa a Nsawam ta Gana a 1946, ya koyar a Zariya har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995. Ya kan tsinka fenti ya kwarara shi a ƙyalle, ya bar shi ya bi inda ya so, kāna ya nemo mahayan a cikin abin da ya kwanta. A hotunansa na hawa, motsi da ƙura su ne maganar, dokin kuwa sai an lura.

Wanda ya fi nuna abin da allo zai iya bayarwa ba a Zariya ya fito ba, a Sudan ne, inda makarantar allo ta ke kamar ta ƙasar Hausa har da adon allon sauka. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malami ne mai makaranta. Ya yi karatun zane a makarantar Slade ta London daga 1954 zuwa 1957, ya komo Khartum ya baje hotunansa irin na Turai, mutane suka zo bikin buɗewa ba su sake dawowa ba. Maimakon ya ce jama'a ba su waye ba, sai ya shiga duba abin da su ke ratayewa a ɗakunansu, ya taras rubutu ne da zayyana. Ya koma ga baƙaƙen Larabci da ya koya a gaban mahaifinsa, ya yi ta warware su yana duban filin da ke tsakaninsu, har fuskoki da dabbobi suka fara fitowa daga cikin harafi. Launinsa kuma ya koma na ƙasar wurin, baƙi da ja-ja da ruwan ƙasa. An nuna aikinsa a Mbari ta Ibadan a 1961. Da aka tsare shi a kurkukun Kober a 1975, a kan guntayen takardar buhun siminti ya riƙa zane a ɓoye, daga nan ya sami dabarar fara hoto daga ɗan ƙaramin tsakiya ya yi ta ƙara masa takardu yana yaɗuwa. A shekarunsa na girma ya yi jerin hotuna a kan itacen da Sudaniyawa ke kira haraz. Itacen nan shi ne gawo, wanda kowane manomi a ƙasar Hausa ya sani: ya kaɗe ganyensa da damina sa'ad da kowane itace ke kore, ya yi ganye da rani sa'ad da kowa ya bushe.

Abin da wannan ya shafi kwalejin horon malamai a fili ya ke. Darasin zane a makarantu da yawa bai wuce malami ya zana kofi ko mangwaro a allo yara su kwafa ba, ko a buɗe littafi a kwafi gidan da ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Laifin ba a kwafi ya ke ba, gama almajirin magini ma da kwafi ya ke farawa, ya yi shekaru yana cuɗa ƙasa yana miƙa tubali kafin a bar shi ya taɓa fuskar zaure. Bambancin shi ne shi yana kwafin abin da ya san sunansa da amfaninsa da wanda ya yi shi, yana kuma ganin ubangidansa ya sāke shi gida bayan gida. Yaron da aka aika ya zano hular mahaifinsa, ko faifan uwarsa, ko sirdin da ke rumfar baduku, ya zo ya faɗi sunan kowace siffa, sa'an nan aka ce ya cika takarda da siffa ɗaya tak ba tare da ya maimaita ta daidai ba, an ɗora shi a kan hanyar marubucin Alƙur'ani da alamomin izunsa. Wannan kuma ba ya jawo gardama da iyayen da ke ƙyamar surar mai rai, matsalar da ta hana darasin zane zama da gindinsa a makarantun Arewa tun farko.

Sai dai akusan da kansu suna raguwa, kuma a ɗaure su ke da juna. Laso ba ya samuwa sai da katsi, katsi kuwa sai marina tana aiki. A Ƙofar Mata ta Kano, wadda a ke kai kafuwarta ga 1498, ramukan da a ke rini a cikinsu yanzu kaɗan ne cikin masu yawa. Keken ɗinki mai aikin zare ya karɓe yawancin aikin da mai zanen riga da alƙalami ya ke yi. Gidan ƙasa yana son yaɓe bayan kowace damina ko biyu, magadan da suka raba gida kuwa ba safai su ke haɗa kuɗin yaɓe ba, sai a rushe a sa bulo. Masallacin Babban Gwani kansa, wanda aka kewaye da sabon gini a shekarun 1970, wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023 ana cikin sallar La'asar, aka yi hasarar rayuka. Yawancin zaurukan da Kirk-Greene ya ɗauki hotonsu sai a littafinsa a ke ganinsu. Siffofin kuwa sun yi ƙaura: dagi da askake suna jikin ƙofofin ƙarfe da maƙera ke walda, da bulon ado da a ke zubawa a injin, da bayan manyan motoci, inda masu fenti ke haɗa su da dabino da masallaci da zaki, wani lokaci har da jirgin saman da ya kai mai motar Makka.